Rediyon Kunnen Malam

Ni dai tun ina yarinya an san ni da baki. Da aka kai ni gidan Malam a Tsohon Birnin Gwari, sai Allah ya haɗa ni da mutumin da bai damu ya yi magana ba, amma yana son a yi masa. In ya dawo daga gona ya watsa ruwa ya yi la'asar, sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin ɗakina. Ni kuma ina ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, in yi ta zuba masa: wa ta haihu, wa ta yi yaji, akuyar wa ta cinye shanyar wa. Ba na fita ko'ina, amma kunnena yana fita. Daga tsakar gida nakan san a turmin wace ake daka, nakan gane yaron da ya wuce ta bayan danga da jin tafiyarsa kawai. Shi kuwa nasa bai wuce "Uhm," da "To fa," da "Ke dai." A haka muka yi shekaru, har muka aurar da ta farinmu zuwa Kaduna.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare ne, ana nan dai ana kashe fam da sule, birai suka matsa wa gonar dawarsa da ke bakin daji. Ya ɗauki tsohuwar bindigar toka ya je korarsu, ta fashe masa a kafaɗa. Hannu ya warke, gemun da ya ƙone ya sake tofowa, amma kunnen dama a ranar ya mutu. Na hagu kuma ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, har ya zamana sai an matso an yi masa ihu.

To ihun ne ya gagare ni. Gidanmu gidan gandu ne, tsakaninmu da sashen wansa zana ce kawai, tsakaninmu da maƙwabta kuma katanga ce wadda ba ta kai kafaɗa ba. Mu a yadda aka rene mu, mace ba ta ɗaga wa mijinta murya. Ranar da na fara ƙwalla masa "Ga tuwo!" sai ga matar wansa ta leƙo da muciya a hannu, tana cewa me ya yi zafi haka. Yara suka ɗauka, duk inda suka haɗu sai ka ji "Ga tuwo!" suna dariya. Sai na rage magana. Na koma ruwa, tuwo, itace ya ƙare, an kira salla. Buzun yana nan ana shimfiɗawa a bakin ɗakina, amma sai mu zauna kamar masu zaman makoki, yana kallon kaji, ina kallon faifai.

Shi kuma ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk wanda ya yi masa magana, ya ji ko bai ji ba, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, madalla." A wurinsa rashin kunya ne ka sa mutum ya maimaita magana saboda kai.

Ana cikin haka na yi ɓatan wata.

Na ɗauka girma ne ya zo. Autana a lokacin har ya isa kora awaki, ita kuma ta farin da ke can Kaduna da tsohon ciki har an aiko mana ta sauka. Sai da ƙamshin daddawa ya fara tayar mini da zuciya na san ba girma ba ne. Na zauna a bakin murhu na rasa inda zan sa kaina. Mace da jika, a ce tana goyo tare da 'yarta! Na san dariyar da za a yi mini, kuma na san zan iya ɗauka. Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne. Duk cikin da na taɓa yi, Malam ne ya fara sani. Magana guda ce, nakan faɗe ta ƙasa-ƙasa idona a kan faifai, shi kuma ya ce "To, Allah ya raba lafiya," mu riƙe abinmu mu biyu har wata da watanni. Yanzu ta ina? Wannan ba maganar da za a ƙwalla ba ce matar wansa tana bayan zana. Rubutu ban iya ba, sai can daga baya na shiga yaƙi da jahilci. In kama hannunsa in ɗora a cikina kuwa, yaran yanzu ne za su ce mene ne a ciki. Mu ba mu san wannan ba. Ina so ya ji daga bakina kafin cikin ya gaya wa gari, kuma lokaci ba ya jirana.

Ƙanin Malam ne ya kawo labarin abin. Shi yana bin motar katako, suna kai doya da hatsi Kaduna. Ya shigo da yamma yana kaɗe hula.

"Matata, ina kike? Fito, na samo wa kishiyana magani."

"Wace matar taka? Ka fara biyan sadakin sabulun da ka kwashe mini."

"Rabu da sabulu. Na ga rediyon kunne a kantin wani Alhaji mai agogo. Ɗan akwati ne haka, a sa a aljihu, waya ta hau zuwa kunne. Ko sauro ya yi tari, Yaya zai ji. A je yau, a dawo da shi yau."

Kafin kwana biyu duk unguwa ta zama masana kunne. A zaure liman ya ce a dakata har lokacin aikin hajji, a ba wa mai tafiya sautu, abin da ya fito daga can da albarkarsa yake zuwa. Hajji kuwa da sauran watanni masu yawa, ga shi wanda za a ba sautun ba zai tafi da kunnen Malam ba. Wani ya ce akwai mai zuwa kasuwa da irinsa na hannu, an ce na wani Bature ne da ya mutu. Malam da aka yi masa ihun wannan sai ya girgiza kai, ya ce ba zai sa abin kunnen mamaci ba.

Sai maƙwabciyata, maman 'yan biyu. 'Yar Gbagyi ce, Kirista, mun fi shekara goma muna miƙa wa juna gishiri da wuta ta kan katanga. Ta ɗora haɓa a kan katangar ta ce, "Kada ku je kanti. Baban mai wa'azinmu yana da shi, a asibitin mishan aka yi masa, can gaba da Kaduna. Sai sun duba kunnen tukun. Su zuba wani abu kamar danƙo, ya ɗauki siffar ramin, su aika ƙasar waje a ƙero daidai da shi. In ya lalace akwai mai gyara, in batir ya ƙare akwai wurin saye."

Na ce, "Wata nawa?"

"Likitan kunnen ba kullum yake zuwa ba. In kun same shi ma, sai an jira abin ya zo. Ki sa rabin shekara, ko fiye."

"Rabin shekara! A'a, maman 'yan biyu. Kanti dai."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta daɗe a tsakiya. "Ke kuwa saurin me kike yi?"

Na ce tukunyata na ƙonewa, na bar wurin.

Malam ma kanti ya zaɓa, amma shi dalilinsa daban. Ba ya son a zaunar da shi a benci ana leƙa kunnensa ana yi masa tambayoyi, ba ya son ya kwana a garin da bai san kowa ba. A kanti kuwa ciniki ne, namiji da namiji, a biya a tashi. Da ya ce in shirya mu tafi tare mu ga jika, sai na ji kamar an sauke mini dutse. Tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa shiga mota ba.

Ba zan manta da hanyar nan ba. Ƙarshen damina ne, laka ta cinye hanya. Aka ɗora ni a kan buhunan dawa a bayan motar su ƙanin Malam, tare da wasu mata Fulani da ƙwaryarsu. Daji ya rufe mu hagu da dama, itatuwan doka da maje sun haɗe kai a sama, ciyawa ta fi mutum tsayi, tsando yana bin mu yana cizo ta cikin mayafi. Warin man mota da na busasshen kifin wani ya haɗu ya tsaya mini a maƙoshi. Na cusa goro a baki, na toshe hanci da bakin gyale, ina ta salati kada in yi amai a gane ni. Inda mota ta kafe, maza su sauka su tura, mu kuma mu tsaya a rana. Muka isa Kaduna ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka.

Ƙanin Malam bai bari mun fara zuwa gidan 'yarmu ba, ya ce kada Alhaji ya rufe. Kanti ne ƙarami, agogo ko'ina a bango, kowanne da nasa bugun, rediyoyi a jere a kan kanta. Alhajin mutum ne mai fara'a. Ya sa aka ba Malam kujera mai hannu, ni aka ba ni benci a bayansa kusa da ƙofa. Ya aika aka kawo lemon kwalba mai sanyi har da raɓa a jiki, ya fasa goro fari ya miƙa wa Malam da hannu biyu. Da na ga Malam ya kai kwalbar nan baki, sai gabana ya ɗan faɗi. Na san mijina. Bai taɓa cin abin mutum ya tashi ya bar shi hannu wofi ba.

Aka fito da abin daga kwali. Ɗan akwati ne fari, bai kai tafin hannu ba, da siririyar waya, a bakinta wani abu kamar ƙwallon dabino. Alhaji ya sa akwatin a aljihun gaban rigar Malam, ya tura ƙwallon a kunnen hagu, ya murɗa. Nan take na ji wani siririn fito yana fita daga gefen kunnen, kamar iska ta samu ɓula a ƙofa. Ƙwallon ya yi wa ramin yawa, yana zamowa, sai da Malam ya danne shi da yatsa.

Alhaji ya sunkuyo a gabansa, ya buɗe murya kamar mai talla. "Malam! Ka ji ni?"

"Na ji, madalla."

"Ka gani!" in ji ƙaninsa, yana tafa hannu. "Yaya, wane ne ni?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, madalla."

Suka yi dariya, su duk sun gamsu. Ni kuwa ina kallon ƙeyarsa. Wata babbar mota ta danna ham a titi, na ga kafaɗarsa ta zabura, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ƙarar duniya tana shiga, wannan babu shakka. Na ɗan matso da bencina, na yi magana da muryar da nake yi masa hira a bakin ɗaki.

"Malam."

Shiru.

"Malam, ka gaji?"

Bai juyo ba. Na ƙara kaɗan, har Alhaji ya ɗago ya dube ni. Malam yana nan yana gyaɗa kai ga agogon bango.

Alhajin, Allah ya ji ƙansa in ya rasu, bai ɓoye komai ba. Ya ce shi agogo da rediyo ya sani, kunne ba aikinsa ba ne. Guda ɗaya ya rage masa, girman ke nan, babu wani. Batirinsa daga Ikko ake kawowa in an samu mai zuwa. Kuma abin da ya shiga kunnen mutum ba a maido shi. Duk wannan Malam bai ji ba, ya dai ce madalla. Sai na ga hannunsa ya gangara zuwa aljihun gefe.

Na jawo hannun rigar ƙaninsa, na yi masa raɗa. "Kai, hana shi. Ba ya ji da abin nan. Kunyar lemo yake ji."

"Haba matata, mutum ya ce ya ji, ke ce kunnen? Kishi kike kada ya ji abin da kike faɗa a kansa."

"Ba wasa nake ba."

"Ki bari mana, za ki kunyata mu. Sabo ne, zai saba."

Na koma na zauna. Agogunan nan na ta bugawa a kaina. Ni ce fa na tura aka zo kantin nan. Na so ƙwarai a ce abin ya yi. Na ce wa kaina wataƙila a gida, inda babu motoci, zai ji. Amma ga ni a bayansa, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba, na kira shi bai san ina yi ba. In ya saya, shi ke nan, ba zai ƙara neman wani ba har ya mutu. Zai riƙa sa shi ran Juma'a don kada a ce ya yi asara, kansa na ciwo, yana madalla. Abin da nake so in gaya masa a nan, magana ce ta tsakanin mace da miji, wadda ake faɗa a gefe. Ba ni da gefe. Ba zan taɓa shi a gaban maza ba. Hanya ɗaya ce ta rage.

Na tashi, na sunkuya a kan kafaɗarsa, na ƙwalla da duk ƙarfina.

"Malam, kada ka saya! Ba ka ji da shi!"

Na manta akwatin yana aljihunsa a buɗe. Ihun ya shiga ta nan ya haura. Malam ya fizge wayar ya dafe kunne, idonsa ya kawo ruwa. Mai gyaran keke da ke bakin kantin ya tsaya da aiki. Wasu masu wucewa suka leƙo. Ƙaninsa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuma na tsaya da mayafina ya zame, ban san ko in zauna ko in fita ba.

Malam bai dube ni ba. Ya ciro akwatin, ya naɗe wayar a hankali, ya ajiye a kan kanta da hannu biyu. Ya ce, "Alhaji, a gafarce mu. An gode da karamci." Sannan ya nuna wata tocila, ya saya bai taya ba, ga mu da tocila lafiyayya a gida.

A gidan yarinyar aka miƙo mini jika. Na riƙe shi, ana ta yi mini tsiya wai ga sabon miji na samu. Na yi dariyar da aka san ni da ita. Muka kwana, muka kamo hanya. Malam ya shiga gaba kusa da direba, ni na koma baya, wannan karon a kan buhunan gishiri. Dajin nan duka na ratsa shi ban ce wa kowa uffan ba, ni da ba na iya shiru ko a wurin makoki.

Da muka dawo, buzu ya koma zaure. Tuwo sai in ba yara su kai masa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Maman 'yan biyu ta leƙo ta ji labari, ba ta ce ai na gaya miki ba, ta dai miƙo mini tsamiya ta ce in riƙa tsotsa.

Sai bayan an gama yankan dawa na ga ya fito da rigarsa ta zuwa unguwa. Ashe sun shirya da mijin maman 'yan biyu, shi zai raka shi asibitin. Suka yi kwanaki. Ya dawo ya rame, ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa iska, "Sun auna. Sun ce a jira."

Muka jira. Ciki kuwa bai jira ba. Na yi ta ɗaura zane sama-sama, ina yafa mayafi ko a bakin murhu, har dai abin ya fi ƙarfin zane. Wata safiya na sunkuya zan sauke tulu, ƙanin Malam yana tsakar gida suna gyaran rumbu. Ya tsaya da igiya a hannu, ya buɗe baki. Sai ya ruga wurin Malam, ya kafa baki a kunnen hagu, ya ƙwalla yadda har masallaci sai an ji.

"Yaya! Ashe da sauranka! Kaka za ta yi goyo!"

Bayan zana aka fashe da dariya, matar wan Malam har da guɗa. Malam ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, ni ina riƙe da wuyan tulu. Sannan ya ɗan yi dariyar da ake yi don mutane, ya ci gaba da ɗaurin rumbu. Na shige madafi na hura wutar da ba ta bukatar huri, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Abin bai zo ba sai da na haihu, aka yi suna, na kusa gama wankan jego. Namiji ne, haihuwar kuma ta ba ni wuya irin wadda ban taɓa sha ba. Malam ya sake yin tafiyar nan, ya dawo da akwati a aljihu. Wannan karon ƙwallon ya zauna a kunne daram, babu fito. Sun gaya masa ba zai ji kamar da ba, a cikin taro ma ba zai amfane shi sosai ba, kuma ya riƙa kashewa don batir ya daɗe.

Ran nan da la'asar ya kawo buzu bakin ɗakina. Ina zaune na jingina da bango, yaron yana cinyata. Ya murɗa abin, ya saurara, ya ɗan ƙara.

"To, yi magana."

Na buɗe baki. Na tara magana ta fi ta shekara biyu, amma na nemi ko ɗaya na rasa.

"Sannu da hanya," na ce, ƙasa-ƙasa.

"Yauwa." Ya murza wayar da yatsa. "Da kika matsa a je kanti, ashe akwai abin da kike son gaya mini."

"Akwai. Ga shi nan a cinyata."

"Na gani."

Na ce masa ya kashe abin, yau ba ni da ƙarfin hira, sai gobe. Ya ce to. Na lumshe ido da niyyar in ɗan huta kafin in ɗora sanwa, barci ya kwashe ni a zaune. Da na farka rana ta sauka bayan rumbu, cinyata babu kowa. Yaron yana hannunsa yana shaƙuwa, shi kuma ya karkato da aljihun akwatin wajen bakin yaron.

Na ce, "Ba ka kashe ba? Ka ɓarar da batir."

Ya ce, "Tashi ki ɗora tuwo, magariba ta yi."